Kwalli a Goshin Maraƙi

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuwa Bafulatanar Roni ce ta asali, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Yaran yanzu da uwa ke ƙwala wa kira tun daga bakin ƙofa, har da ƙarin sunan shagwaɓa, ba za su gane wannan ba. A zamaninmu kunyar ɗan fari ado ce ga mace, kuma tawa uwar ta fi kowa iya wannan ado. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni wurin kakata, wadda gidanta ke bayan namu. Ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Adda nake ce mata, kamar wata yayata, har ƙannena ma suka ɗauka daga bakina. Ita ma ta sama mini suna, wai "na Inna". Ku ba na Inna tuwonsa. Ku ce wa na Inna rigarsa ta bushe. Ina tsaye a gabanta za ta aiki ƙanwata ta gaya mini magana, ita kuwa idonta na cikin tukunya.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ina firamare. Aka raba mana 'yan tutoci da kofuna, ni kuma na sami guntun fensir mai launin kore na zana makarantarmu da tuta a samanta. Malam ya ɗaga zanen a gaban aji, ya sa aka yi mini tafi. Da aka tashi na sheƙa gida a guje, na tsaya a tsakar gida na buɗe takardar yadda ko makaho sai ya san ana nuna wani abu. Adda na tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Can ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa na Inna ya wanke hannunsa, duk ya yi kore." Wannan shi ne sharhin farko da aka taɓa yi wa aikina, kuma ya yi mini ciwo fiye da duk waɗanda suka biyo baya.

Amma fa a unguwarmu babu wanda ya kai Adda iya tatsuniya. Bayan an ci tuwo ƙannena kan kewaye ta a ƙofar ɗaki. Ni ba ni da wuri a wannan da'ira, sai in je can gindin rumbu in zauna ina gyaran wani abu da bai lalace ba, kunnena yana wurinsu. Akwai labarin da ta fi maimaitawa, na wata mata da ke zaune a cikin duwatsun bayan gari tana kiwon shanun aljanu. Ba a ganinta, sai dai idan damina ta gabato makiyaya kan ji tana burga nono a cikin kogo. Kowace saniya tana da suna, kuma da yamma takan hau kan dutse ta kira su ɗaya bayan ɗaya su shigo. Amma akwai wani jan maraƙi da ba ta taɓa kiran sunansa, ba ta ko waiwayarsa, shi kaɗai yake biyo garken a baya.

Kullum idan an zo nan sai ƙanwata ta ce, "Adda, don me?"

Sai Adda ta ɗaga murya ta ce, "Don kada wani ya ji sunan, ya kira shi, ya tafi da shi."

Ni na ɗauka gwanintar ba da labari ce kawai, a san wurin da za a ɗaga murya. Har na taɓa koya wa ɗalibaina wannan dabara.

Na yi karatun zane a Zariya, na dawo bayan yaƙin basasa aka tura ni koyarwa a wata makarantar kwana a Kazaure. Lokacin kuɗin mai ne. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malami ya sayi babur, rediyo ya cika gari, kwano ya fara korar jinka daga kan ɗakuna. Ni ma na sayi babur ɗina, amma abin da na fi ji da shi wata baƙar hula ce lafaffiya irin ta masu zanen Faransa, wadda na tsinta a gwanjo. Na haɗa ta da lofe da ban taɓa kunnawa ba, don hayaƙi yana sa ni tari. Haka nake ratsa kasuwa a tsakar rana, gumi na bin wuyana, ina ganin kaina a matsayin wanda garin bai san darajarsa ba. Masu shayi suna kirana "Malam mai faifai". Na daɗe ina zaton saboda faifan garmaho da nake saye ne.

Sai ga sanarwa daga Kano cewa kowane yanki ya shirya nunin al'adu da sana'o'in hannu, abin da ya yi fice a kai shi babban nuni na jiha. Nan take na ce lokacina ya yi. Na yanke shawarar zana matan tatsuniyoyinmu: doguwar aljanar da ke cikin tsamiya, da 'yar ruwan da ake cewa tana taje gashi a bakin dam, da matar da ke rikiɗa kura, da tsohuwar da ke riƙe da ruwan sama a cikin tulu. Na raɗa wa nunin wani dogon suna na Turanci wanda ni kaina sai na ja numfashi a tsakiya kafin in ƙarasa. Ga duk wanda ya tambaye ni, ina cewa ina son in ɗaga martabar mace a tunanin Bahaushe ne. Gaskiyar magana kuwa, mace ɗaya nake son ta tsaya a gaban aikina ta duba, ko da sau ɗaya, ta nuna ta gani.

Da yake a Zariya an koya mana cewa mai zane na gaske yana yin bincike, sai na hau babur na shiga ƙauyuka ina neman tsofaffin mata. A Gwiwa na sami wata tsohuwa tana kaɗi a gindin bishiya. Na durƙusa na gaishe ta, na shiga jero tambayoyi: aljanar tsamiya wane irin zane take ɗaurawa, tsawonta ya kai ina, tana sa awarwaro ko ba ta sawa. Ta saurare ni sarai, tana duban hulata, tana duban lofen da ba hayaƙi. Da na gama sai ta matso kusa, ta sassauta murya ta ce, "Ɗan nan, tun yaushe suka fara fito maka?" Kafin in gyara zancen ta shiga ɗaki ta ƙullo mini wasu saiwoyi a tsumma, ta ce in riƙa turarawa safe da yamma, kuma in daina yawo ni kaɗai a cikin rana. Na karɓa na yi godiya. Sakamakon binciken nawa ke nan kaf.

Na koma ga abin da na ji a gindin rumbu. Na ɗaɗɗaure yadin akoko a jikin katako, na shafe shi da farin fenti, na duƙufa. Sauran zane-zanen na yi su ne da ilimin makaranta, amma na matar duwatsu da wani abu daban na yi shi. Na tsayar da ita a kan dutse, ta juya baya rabi, hannunta a gefen baki tana kira, fararen shanu na kwararowa wurinta. Can a ƙurya, kusa da katako, na sa jan maraƙin shi kaɗai, ya ɗaga kai yana dubanta. Maraƙin nan ya fi komai ba ni wahala. Na goge idonsa na sake har na gaji, kuma ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa na damu da shi haka ba.

Ranar buɗe nuni aka share ɗakin taron makaranta, aka kafa lasifika, aka jera lemun kwalba a cikin baho. Dukawa suka baje jakunkuna, masaƙa suka rataye gwado, wasu suka kawo tabarmi da faya-fayai. Ni aka ba ni bango guda. Tun mako ya rage na aika Roni cewa a zo da kowa da kowa. Mahaifina ya zo shi kaɗai. Ya bi zane-zanen a hankali, hannuwansa a baya, ya tsaya a gaban na matar duwatsu, ya shafa katakon gefe ya ce, "Kafintan nan ya iya aiki." Babban baƙo kuwa ya yi dogon jawabi a kan matasa da ci gaba, aka zagaya da shi, ya iso bangona ya tambaye ni ko zan iya rubuta allon sabuwar tashar mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan iya."

Sai da taro ya watse na lura da abin da ko jaki zai hango tun farko. Na shirya nuni a kan mata, na kafa shi da rana tsaka a cikin taron maza, a garin da matan aure ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi. Mace ɗaya ce ta shigo ɗakin lokacin taron, malamar da aka sa rabon lemo, ita ma bayanta ta ba bangona. Matan da na yi watanni ina zanawa sun wuni suna kallon rawuna da manyan riguna. Na zauna a kan benci na cire lofen daga bakina, ina jin kamar in yi kuka.

A nan Goggo ta same ni. Ƙanwar mahaifina ce, tana aure a Kazaure, ta manyanta har ta wuce kulle. Sana'arta dillancin kwanuka da atamfa, tana sarowa daga Babura wurin mutanen tsallaken iyaka, tana bi gida-gida da su. Babu ɗakin amaryar da aka yi wa jere a garin ba da saninta ba. Ta zo ganin gwadon masaƙa ne, ta biyo ta bangona, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, waɗannan duk kai ka yi su?"

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"To wa ka yi wa?"

Na fara yi mata bayanin martabar mace a tunanin Bahaushe. Ta ɗaga mini hannu.

"Ka kawo mata cikin maza ka rataye, kamar kayan mahauta. Wace mai hankali ce za ta ratso wannan taro ta zo? Mu ma fa muna da namu kallon. Ba ka taɓa jin ana zuwa ganin ɗaki ba?"

Na san ganin ɗaki mana. Idan an kai amarya aka yi mata jere, mata kan yi ta zuwa ƙungiya-ƙungiya suna kallon kwanuka da tasoshin da aka ɗora tun daga ƙasa har rufi, suna yabawa, suna kushewa a hanyar komawa. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa aikin wanda ya yi karatu a Zariya zai bi layin kwanuka ba. Na shiga neman hanyar da zan ƙi ba tare da rashin kunya ba. Sai ta ƙara da cewa, "Zan aika wa matar yayana ta zo ta taya ni karɓar baƙi. Ni ba ta isa ta ƙi kirana ba." Nan take duk girman kaina ya zube, na ce yaushe za a kwashe.

Ta kafa mini sharaɗi ɗaya: ba zan shiga ba. Gidan zai cika da matan mutane, ni kuwa ƙato ne, iyakata zaure. Na ce to wa zai yi musu bayani? Ta ce wanda yake yi wa kwanuka bayani. Duk da haka sai da na zaunar da ita na karanta mata ma'anar kowane zane, da dalilin da ya sa na yi amfani da shuɗi a nan, ja a can. Tana ta cewa "to, to", tana ɓare goro.

Aka loda zane-zanen a amalanke aka kai gidanta, aka jingina su a sabon ɗakin da ta yi wa daɓen siminti don ajiyar haja. A hanya igiya ta goge goshin maraƙin nan, fenti ya ɗan kankare. Da sassafe ranar kallon, kafin baƙi su fara zuwa, na shiga da burushi na gyara wurin, na ja wa Goggo kunne cewa fentin ɗanye ne, kada kowa ya taɓa. Ta ce in fita haka nan, na cika mata ɗaki da warin kananzir.

Na koma zaure na zauna tare da mijinta, wanda nake kira Baffa, tsohon ma'aikacin kotu mai son magana a hankali. Tun da hantsi mata suka fara shigowa, a lulluɓe, ƙamshin turare na biye da su. Kowace ƙungiya ta rusuna ta gaida Baffa ta wuce, babu wadda ta san cewa mai baƙar hular nan da ke gyara zama shi ne gwanin. Da yawansu ma sun zo ne da zaton Goggo ta yi sabuwar suruka. Sai na ji shiru daga ciki, sannan aka kwashe da dariya gaba ɗaya.

Baffa ya ce, "Malam, waɗannan abubuwa masu ido da ka zana, ka san ran gobe za a ce ka busa musu rai?"

Na ce, "Baffa, ai aljanu ne yawancinsu."

Ya ce, "To, ka ga abin ya ƙara sauƙi," ya ci gaba da jan carbinsa.

Na karkata kunne wajen ƙofar cikin gida, kamar dai yadda na saba a gindin rumbu. Wata na cewa kitson 'yar ruwan nan an daina yayinsa tun bara. Wata ta rantse aljanar tsamiya ba ta da maraba da uwar mijinta, har hararar. Wata tsohuwa ta ƙi shiga sai da ta yi addu'a ta tofa a bakin ƙofa. Daga nan sai gardama ta kaure a kan matar da ke rikiɗa kura, wasu na cewa a garinsu ba haka ake ba da labarin ba, kowa na kawo nata. Ba wadda ta ambaci shuɗi ko ja. Amma sun daɗe a ciki, wasu sun fita sun dawo da maƙwabtansu, har wata ta rangaɗa guɗa. A ɗakin taro ban ga wanda ya tsaya a gaban zane ya kai tsawon shan kwalbar lemo ba. Na ji daɗi, ina kuma jin haushin cewa ba ni a wurin da za a nuna ni da yatsa.

Bayan azahar Adda ta iso, ta biyo motar 'yan kasuwa daga Roni. Tun daga nesa na gane tafiyarta. Na miƙe, na rasa inda zan sa lofen, na cusa shi a aljihu. Ta shigo zaure ta durƙusa ta gaida Baffa, suka yi ta jera gaisuwa har da tambayar shanu da damina. Na ce, "Adda, sannu da zuwa." Ta amsa wa bango, "Lafiya," ta shige.

Ban san abin da Baffa ya yi ta faɗa bayan nan ba. Ina zaune ne kawai ina sauraron ko zan tsinci muryarta a cikin hayaniyar. Na ji ana ta kai-kai a kan wani abu, muryoyi na hawa kan juna, "Ku zo ku ga wannan!" "Kai, kamar ya yi magana!" Sai kuma na ji an yi tsit na ɗan lokaci, sannan hira ta ci gaba. Muryarta dai ban ji ba.

Kafin la'asar ta fito don kada mota ta bar ta, Goggo na biye da ita. Na sake miƙewa. Ta yi sallama da Baffa. A bakin ƙofar zaure ta tsaya tana gyara mayafi, ta ce wa Goggo, "Ki ce wa na Inna ya cire abin nan daga kansa, sai ka ce murfin tukunya." Ta sa kai ta tafi. Baffa ya yi tari irin na mai danne dariya. Ni kuwa na koma na zauna, na ce a raina shi ke nan, ta zo ta gani, kuma hula ce kaɗai ta ishe ta magana.

Da mata suka watse aka ba ni izinin shiga. Ɗakin na ƙamshin turare, ɓawon gyaɗa a ko'ina. Na bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya same su, har na iso na matar duwatsu. A tsakiyar goshin jan maraƙin, daidai inda na gyara da safe, ga wani baƙin tabo dangwale, ya nutse cikin ɗanyen fenti. Wannan zanen ne aka zaɓa za a kai Kano.

Na manta a gidan wa nake. Na ɗaga murya na ce dama na sani, wannan shi ne sakamakon kai aikin ilimi cikin jahilci. Na ce wata ta ci tuwo ba ta wanke hannu ba ta zo ta lalata mini aikin watanni. Na ce a ƙasashen da aka san darajar zane igiya ake ɗaurawa a gabansa, a sa ɗan sanda. Har Turanci na yi. Goggo na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ta bar ni na zazzage tas.

Ta ce, "Ka gama?"

Ta nuna goshin maraƙin da tsintsiyar.

"Matsa ka duba da kyau. Wannan tuwo ne?"

Na matsa. Baƙin yana da ɗan ƙyalli. Kwalli ne.

Ta ce, "Matan nan sun taru a kan maraƙinka, wannan ta ce kyau, wannan ta ce ido, wannan ta ce kamar a ɗauka a goya. Baki ya yi masa yawa, kuma ba wadda ta tuna ta ce tubarkalla. Uwarka na gefe tana jinsu. Sai gani muka yi ta kwance bakin zanenta, ta fito da tandun kwalli, ta zazzaga a babban yatsa, ta ratsa mutane ta dangwala masa. Na ce, ke, an ce fa kada a taɓa. Ko kallona ba ta yi ba."

Kowa ya san wannan. Idan jariri ya cika kyau, uwa kan ɗiga masa kwalli a goshi don kambun baka, ta ɗan ɓata shi kaɗan saboda idon mutane ya sauka a kan tabon. Ba a yi wa ɗan wani. Ba a kuma yi wa mummuna.

Goggo ta ci gaba da shara, tana magana ba tare da ta dube ni ba. "Ranar sunanka ma haka ta yi. Ɗaki cike da mata, ita an ce kunya, ko ɗaukarka ba ta yi a gaban mutane. Da aka yi ta yaba ka, sai ta faki ido ta miƙo hannu ta bayan Inna ta shafa maka. Ni kaɗai na gani, don ni ke riƙe da kai. Ɗaga ƙafarka in share nan."

Na ɗaga ƙafa.

Akwai sauran kwanaki kafin a tafi Kano, kuma gyaran ba wani abu ba ne: a kankare wurin, a sake shafawa, ya bushe. Washegari na kai zanen ɗakina, na haɗa jan daidai yadda yake, na ɗebo a burushi. Da na sunkuya kusa sai na ga layukan yatsanta sun fito raɗau a cikin fentin, har da wani ɗan tsagi a tsakiya, inda wuƙa ta taɓa yankarta tana gyaran kuɓewa. Adda ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Na daɗe a sunkuye har fentin ya fara daskarewa a bakin burushi, sannan na tsoma shi a kananzir na wanke.

Haka aka kai shi Kano. Cikin masu duba aikin akwai wani malami mai gemu, wanda ya sa hula irin tawa sak, abin da ya sa na gode wa Allah da na bar tawa a gida. Ya tsaya a gaban zanen, ya ja baya, ya matso, ya ce aikin yana da rai, amma ya kamata matasan masu zane su koyi tsabta, ga shi an bar datti a wuri mafi muhimmanci. Ya tambaye ni ko ban lura ba ne. Ni da nake da bayani a kan kowane ɗigon shuɗi, sai kawai na ce, "Na lura, ranka ya daɗe." Aka ba wani da ya zana matatar mai da hayaƙinta lambar yabo. Na dawo Kazaure na rubuta allon tashar mota, kuma kowa ya yaba.

Adda ta rayu shekaru masu yawa bayan wannan, ta ga 'ya'yana, ta kira kowannensu da sunansa har da na shagwaɓa. Ni dai na Inna ne har ta koma ga Allah. Ba ta taɓa tayar da zancen zanen ba, ni ma ban taɓa ba.

Bayan rasuwarta na je Roni, ana shirin rushe tsohon rumbun nan don a yi ɗaki. Na je na zauna a gindinsa, inda na saba, na dubi ƙofar ɗakinta. Ban taɓa lura da nisan wurin ba sai ranar. Ƙanwata na zaune a bakin ƙofar tana magana da wata mai gaisuwa, ina ganin bakinta na motsi amma ba na jin komai sai guntu-guntu. Ashe yawancin tatsuniyoyin nan rabi-rabi na riƙa tsintarsu, na cike sauran da kaina. Magana ɗaya ce take isowa gindin rumbu cikakkiya a kowane dare, ba ta taɓa ɓacewa a hanya ba, ita ce amsar nan a kan jan maraƙi, wadda Adda ke ɗaga murya ta faɗa. Yaran da ke zaune a jikinta ba su bukatar a ɗaga musu murya.

Zanen yana rataye a ɗakina har yau, fararen shanun sun koma ruwan ƙasa. Kwanan baya wata jikata ta jiƙa tsumma ta hau kujera za ta goge mini dattin da ke goshin maraƙi. Tsawar da na daka mata sai da ta firgita mutanen gidan duka, na kuma sha wahala kafin ta yarda ta sake shigowa ɗakin.